Madubin Mai Aski

Tun da safe Yaya, wan mijinta, ya bugo wa Kwastoma waya ya ce bayan la'asar zai zo da mota ya ɗauke ƙanensa ya tafi da shi nasa gidan. Ba shawara ya nema ba, sanar da ita ya yi. Ya ce ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka da alheri. Kwastoma ta ajiye wayar a kan firji. Ta san irin wannan yabon, nufinsa ta gaza.

Kwastoma ba sunanta ba ne, mijinta Mai Aski ne ya laƙaba mata. Mutum ne da bai iya barin sana'arsa a shago ba. Ƙaramin madubin da yake nuna wa mutane ƙeyarsu bayan aski, da shi yake dawowa gida. Idan ta gama girki sai ya riƙe shi a bayan tukunya ya ce, "Ya yi, ranki ya daɗe?" Idan ya gyara ƙafar kujera ma haka. Ita kuma ta ɗaure fuska ta ce, "A sake." Shirme ne, babu shakka, amma da wannan shirmen suka raini 'ya'ya har suka aurar da su, ba a taɓa jin gidan shiru ba.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta same shi a shago, almakashi a hannu. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace. Likita ta ce harshen zai dawo muddin yana motsa shi, kuma a asibiti har yakan haɗa kalma ɗaya biyu. Kafin a sallamo shi, Kwastoma ta riga shi gida ta sauke madubin falo, ta rufe na jikin durowa da mayafi, ƙaramin kuma ta cusa shi ƙarƙashin akwati. Wai kada ya ga fuskarsa hankalinsa ya tashi. Ta kashe rediyo, ta hana kowa ɗaga murya. Daga "sannu" sai "ya jikin", wuni guda. Shi kuwa tun da ya shigo ya ga farar shatar da madubi ya bari a bango, ya rufe bakinsa gam. Kwanan nan ma abinci sai ta yi ta lallashi kafin ya karɓi cokali.

Da azahar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa a kan kujera. Gashi ya cika kai, ya murɗe, ya sauko har kunne. Mutumin da bai yarda kan maƙwabci ma ya kai haka ba. Idan Yaya ya gan shi haka, ai magana ta ƙare.

Ta ɗauko jakar aikinsa, ta ɗaura masa ƙyalle a wuya. "Sannu, maigida. Zan ɗan rage maka."

Bai ko ɗago ba.

A rayuwarta ba ta taɓa riƙe kilifa ba. Ta kunna, abin ya hau rawa a hannunta, ta kafa shi a goshi ta tura sama kamar yadda take gani yana yi. Abin da ba ta lura da shi ba duk shekarun nan shi ne bakin robar da yake maƙalawa kafin ya fara. Kilifa ta ci gashi har fata, ta buɗe hanya fes daga goshi zuwa tsakar kai.

Ta ce bari ta daidaita, ta sake turawa ta gefe, hanya ta zama biyu, ta biyun ma a karkace. Tana cikin ta uku kilifa ta yi ƙara ƙasa-ƙasa ta mutu, don tun ranar da ya faɗi ba wanda ya yi mata caji.

A nan ta ji hon a waje. Yaya bai ma jira la'asar ba.

Ya yi sallama ya shigo da makullin mota a hannu, ya tsaya cak. Ya daɗe yana duban kan ƙanensa.

"Wannan kuma mene ne?" Ya faɗa a hankali, sanyin muryar ya fi tsawa ciwo. "Ashe har nan abin ya kai. Haɗa masa kayansa."

"Yaya, don Allah ka bari in..."

"Na bar ki. Wata nawa na bar ki?"

Idanunta suka ciko, ta sunkuyar da kai, sai ta ga hannun hagun Mai Aski yana lalube a cikin jakar da ke cinyarsa. Ya wuce mataji, ya wuce almakashi, ya shiga aljihun gefe inda madubi ke zama. Babu komai. Ya ɗago ya dube ta ido cikin ido, karo na farko tun dawowarsa. Ba tausayi yake nema ba. Haushi ne a idon nan, irin na mutumin da aka ɗauke wa kaya.

Ta shiga ɗaki ta ja akwati.

"Kada ki nuna masa," in ji Yaya da ya ga abin da ta riƙo. "Kina so ki ƙarasa shi ne?"

Ita ma tsoron da take ji ke nan. Amma ta durƙusa a gabansa ta ɗaga madubin.

Ya kalli bakin. Ya kalli idon da ya ɗan sauka. Ta ce a ranta shi ke nan, ta kashe shi da hannunta. Sai idanunsa suka haura sama, suka isa goshi, suka ci karo da hanyoyi biyu da rabi. Ya juya kai dama, ya juya hagu, kamar yadda yake duba aikin sabon ma'aikaci.

Ba ta san lokacin da maganar ta fito daga bakinta ba.

"Ya yi, ranka ya daɗe?"

Leɓensa ya motsa, ya kasa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya sake gwadawa.

"A... sa...ke."

Dariya ta kufce mata tare da kuka, ta kifa kai a gwiwarsa. Kafaɗarsa mai lafiya ma rawa take yi, wani sauti mara kyan ji yana fita daga maƙogwaronsa, kuma ba ta taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba.

Yaya ya share ido da bayan hannu, ya gyara murya. "To, alhamdulillahi. Duk da haka sai ka tashi mu tafi, can ka fi samun kulawa."

Mai Aski ya damƙe hannun kujera. Shi da bai taɓa barin kowa ya fita shagonsa da rabin aski ba, ya nuna kansa da yatsa.

"Ba a... gama ba."

Yaya ya dubi kan, ya dubi kilifar da ta mutu. Ya san cajinta sai dare, ya kuma san ƙanensa. Ya jefa makullin a aljihu ya ja kujera ya zauna.

Kwastoma ta jona kilifa a wuta, ta wuce ɗaki ta yaye mayafin da ke jikin durowa. Tana ninke shi ta ji muryarsa daga falo, a karkace, da ƙyar, yana kiran sunan da ya sa mata.