Ranar da Kulu Ta Kira Sunan 'Yar Fari

A shekarun da Nasara suka matsa wa mutane noman gujiya, babu tukunyar da man gujiya ko ƙuli bai shiga ba a ƙasar Maraɗi. Ga Kulu, matar Illo ta Madarunfa, wannan masifa ce. 'Yarta Lantana, wadda ba ta fara famfara ba, in gujiya ta taɓa bakinta sai leɓɓanta su kumbura, numfashinta ya riƙa fita da ƙyar. Bara saura kaɗan a rasa ta.

Da Babbar Salla ta matso, Illo ya ce a Gabi za su yi ta, wurin mahaifiyarsa Inde. Kulu ba ta iya musu ba. Ta ɗaura gero da man shanu a kan jaki, tun a hanya kuma take roƙonsa ya yi wa tsohuwa bayani. Ita ba ta da bakin yi. Lantana 'yar fari ce, uwa kuwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa da ita, balle a gaban suruka.

Illo ya ce zai faɗa. Amma shi ma kunyar ta kama shi. Abin da ya iya shi ne ya gaya wa ƙanwarsa Hadiza, yana kallon ƙasa, cewa yarinyar nan ba ta son gujiya. Rashin so daban, cuta daban. Wannan ragwanci ne, ko da wane suna aka sa masa.

Ranar Salla aka yanka rago, mata suka zauna a tsakar gida. Kulu tana daka, idonta na kan kowane hannu da ya nufi yarinyar. Inde ta gasa hanta, ta birkiɗa ta cikin yajin ƙuli, ta jawo jikarta kan cinya.

"Zo nan, 'yar bakin tabki. An ce ba ki son gujiya? To me kuka sani a Madarunfa in ba ƙarnin kifi ba?"

Mata suka yi dariya. Kulu ta nemi Hadiza da ido, ashe Hadiza ta tafi rijiya. Illo yana waje wurin fiɗa. Kulu ta yi tari, ba wanda ya juyo. Lantana ta dubi uwarta, ta dubi hantar, ta buɗe baki, domin an koya mata ba a ƙin abin hannun kaka.

Kulu ta saki taɓarya.

"Lantana, tofar."

Wata dattijuwa ta kama haɓa. Kulu ta ratsa matan, ta ɗauke yarinyar daga cinyar surukarta, ta sa yatsa ta ƙwaƙulo hantar, ta wanke mata baki.

"A gabana, Kulu?" in ji Inde.

"Inna, ki gafarce ni. Ƙulin nan kashe ta yake yi."

Leɓɓan Lantana sun riga sun fara tashi. Jan ƙuraje suka fito wa yarinyar a wuya. Likita na can Maraɗi, jaki ba zai kai ba. Kulu ta zaunar da ita a ƙirjinta, ta kara kunne a bayanta, tana sauraron wani siririn fito da ke biyo kowane numfashi. Nama ya ƙone a kan wuta ba a kula ba. Sai da la'asar ta yi sanyi fiton ya lafa, yarinyar ta nemi ruwa.

Inde ta tashi, ta ɗauko sabuwar tukunya, ta narka kitsen ragon, ta soya wa jikarta nama da gishiri kawai. Ta ce duk wadda ta sa ludayinta a tukunyar nan, ita da ita. Da Illo ya shigo, ko kallonsa ba ta yi ba.

Har yau in aka ambaci Kulu a Gabi, sai a ce, ai marar kunyar nan da ta kira sunan 'yar fari. Ita kuwa ba ta sake ɓoye sunan ba.