Makulli a Haɓar Zanin Hajiya Hansai

Ranar da Mahadi ya shigo Funtua da jar motar, sai da unguwa ta fito kallo. Mota ce irin ta tsere, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Mahaifiyarsa, Hajiya Hansai, ta tsaya a bakin zaure ta dube ta tun daga hanci har wutsiya, sannan ta ce, "Allah Ya sanya alheri. Amma Auta, wannan ai ƙadangaruwa ka sayo." Sunan kuwa ya bi motar.

Ba ta hana shi ba. Mahadi ba yaro ba ne, shi ke riƙe da gonakin masarar gidan a wajen Dandume, kuma da guminsa ya saya. Sharaɗi guda ta gindaya masa, cewa duk abin da ya shafi taya kada ya ɓoye mata. Kowa a gidan ya san dalili. Mijinta, Alhaji Mati, tayar gaba ce ta fashe masa a hanyar Bakori yana dawowa daga cin kasuwa, aka kawo shi gida a lulluɓe. Hajiya ta karɓi ƙaddara hannu bibbiyu, sai dai ba ta taɓa yarda cewa tawakkali yana hana ɗaure raƙumi ba.

Da damina wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gilashin da ke bayan sitiyari, mai siffar tukunya da muciya tsaye a ciki. Hajiya ta tambaya, Mahadi ya ce fitilar iskar taya ce, zai sa a duba. Da kaka ta yi, ya ce mata an gyara.

Wata safiya za su tafi Malumfashi gaishe da ƙanwarta Najiba. Ta shiga ta zauna, shi kuma ya koma ciki ɗauko waya. Hajiya mace ce da ba ta iya ganin ƙura ta ƙyale, sai ta miƙa hannu ta goge gilashin nan na bayan sitiyari da bakin mayafinta. Mayafin ya maƙale. Ta sa farce ta ɓamɓaro wani ɗan baƙin tef irin na masu gyaran wuta, an yanka shi daidai, an liƙa shi daidai.

Mahadi ya dawo ya danna maɓallin tayar da mota. Tukunya da muciya ta yi ta ƙyaftawa, sannan ta tsaya cak tana kallonsu.

"Wannan ne gyaran?" in ji Hajiya, tana nuna masa tef ɗin a kan yatsarta.

"Hajiya, wallahi tayoyin lafiyarsu ƙalau. Mai faci ya duba. Fitilar ce ta haukace, kuma kowa haka yake yi mata."

"Kowa ne ya yi mini alkawari?"

Ya sunkuyar da kai.

"Motar ba ta yi mini ƙarya ba, Auta. Ita ta yi magana, kai ka toshe mata baki. Miƙo makullin."

Ya miƙa. Ta ɗaure shi a haɓar zaninta, ta ce, "A yi gyara na gaskiya a gabana. Daga nan zan ga ko zan iya barinka da ita a kan hanya. In zuciyata ba ta kwanta ba, a nemi mai saye."

Irin motocin nan ba a soka musu makulli. Muddin yana cikin motar za ta tashi. Saboda haka ƙadangaruwa ta daina zuwa ko'ina sai da Hajiya a kujerar gefe. Abokan Mahadi suka samu abin tsiya, suna cewa kowa makullinsa a aljihu yake, shi nasa sai an gaishe shi an tambayi kwanan gida.

Da ita aka je garejin Mark, ɗan aminiyarta Victoria, wadda suka yi makwabtaka a Malumfashi tun suna amare. Mark ya rusuna ya gaishe ta, ya sa aka goge mata benci a inuwa.

"Mama, yau ke ce mai sa ido?"

"Ni ce. Ka yi aikinka, amma ka riƙa faɗa mini abin da kake yi, da Hausa."

Ya ɗauko wata na'ura kamar wayar hannu ya bi tayoyin yana kara ta kusa da bawul, wato bakin da ake hura iska. Ya ce a gindin kowane bawul, daga ciki, akwai wani ɗan abu da suke kira sansa, shi ke jin nauyin iskar ya aika wa motar labari. Babu ko ɗaya da ya amsa.

Da aka raba tayoyin da ƙarafunansu a kan inji, sai dalili ya fito fili. Biyu batirinsu ya mutu saboda tsufa, kuma a toshe yake ba a canza shi. Ɗaya ya dare gida biyu. Taya ta huɗu kuwa babu sansa ma sam, bawul ɗin roba ne irin na kowace mota.

"Wannan aikin ƙarfen ɓamɓare taya ne," in ji Mark. "An taɓa yin faci a bakin hanya, ƙarfen ya murƙushe shi, aka jefar aka sa na roba. Ba mugunta ba ce, Mama, tayar a-kori-kura suka saba da ita."

Hajiya ta karɓi wanda ya dare ta juya shi a tafin hannu. Bai fi ƙwallon dabino girma ba.

"To me ya hana a buga taya da hannu a ji, kamar yadda ake yi tun da?"

"Zo ki gani." Ya nuna mata tayar da babu iska a ciki ko kaɗan, ya ce ta danna gefenta. Ta danna, ko motsi ba ta yi ba. "Gefenta gajere ne, kuma mai tauri. Iska za ta ragu sosai, ido bai gani ba, hannu bai ji ba. Sai an ɗau gudu ta yi zafi, sannan ta nuna halinta."

Hajiya ta gyaɗa kai. Ta yi shekaru tana sayen hatsi, ta san buhun da samansa ke sheƙi alhali ƙasansa ya fara gumi. Shi ya sa ake soka masa ƙarfe a zaro daga ciki.

Sababbin sansa da Mark ya riga ya sa aka aiko daga Kaduna suna cikin kwali. Mark ya ɗaura kowane a gurbinsa, ya ƙara masa sabuwar robar toshiya, ya ɗaure a hankali, ya ce in aka matse da yawa wuyansa karyewa yake yi. Aka mayar da tayoyin, aka hura, ya sake bin su da na'urarsa yana gabatar da su ga motar ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gabatar da baƙi ga maigida. Sannan ya ce sai sun ɗan yi tafiya kafin fitilar ta mutu.

"Abu ɗaya za ku riƙe," ya ƙara. "In ta yi ta ƙyaftawa kafin ta tsaya, sansa ne ke ciwo. In ta kama kai tsaye ba ƙyaftawa, taya ce. A tsaya." Ya ba Mahadi ɗan ma'aunin iska ya ce ya ajiye a mota. "Kuma Alhaji ƙarami, in ka sake sayen tef, ka kawo mini, ina da wayoyin da zan naɗe."

Kafin su kai gida fitilar ta mutu. Mahadi ya saci kallon haɓar zanin. Hajiya ta yi kamar ba ta gani ba.

Washegari suka kama hanyar Malumfashi. Kaka ta kankama, gefen kwalta duk shanyar masara ce, an jera duwatsu da guntayen katako don kada mota ta hau. Bayan sun wuce Bakori wata babbar mota ta taho ta cinye hanya, Mahadi ya kauce, tayar baya ta taka wani katako. Ya yi tsaki, suka wuce.

Can gaba Hajiya na jan carbi, idonta rabi a rufe, sai ta ga hasken ruwan ɗorawa ya faɗo a kan yatsun ɗanta. Ya kama kai tsaye, bai ƙyafta ba. Hanyar nan ce dai ta ci mijinta. Bakinta ya buɗe zai ce a tsaya, sai ta rufe shi. Ta yanke a ranta cewa in suka kai waccan bishiyar ɗorawa bai yi magana ba, ita za ta yi, kuma motar ta bar gidanta ke nan. Ta ƙara lumshe ido.

Ta ji yadda numfashinsa ya sauya. Ta san abin da yake aunawa: tsohuwa na gyangyaɗi, Malumfashi ta kusa, in ya faɗa za ta ce gyaran banza aka yi.

Motar ta fara rage gudu.

"Hajiya," ya ce a hankali. "Hajiya, ki gafarce ni. Fitilar ta kama. Zan tsaya."

"To tsaya mana," ta ce, kamar wadda aka tasa daga barci.

Wani dattijo mai gadin shanya ya taso ya zagaya motar, ya bubbuga tayoyin da sandarsa, ya ce, "Alhaji, wannan ai kamar dutse suke. Ku yi tafiyarku." Mahadi ya gode masa, amma ya durƙusa da farar shaddarsa ya ɗora ma'auni a kan bawul. Uku daidai suke. Ta baya ta dama ta yi ƙasa sosai. Ya shafa ta har yatsansa ya ci karo da kan ƙusa, ya tofa yawu a wurin, yawun ya yi kumfa.

Dattijon ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Mota da duba?"

"Ba duba ba ne, Malam," in ji Hajiya ta taga. "Faɗar gaskiya ce."

Mahadi ya kira Mark a waya. Mark ya ce kada a bar kowa ya sa mata ƙarfen ɓamɓare. A hura ta, a lallaɓa a hankali zuwa wurin wani abokin aikinsa mai inji a bakin gari. Aka samo famfo wurin wani mai babur aka hura.

Da suka isa, aka ɗaga motar, Mahadi ya ce zai samo mata a-daidaita-sahu ta ƙarasa gidan Inna Najiba, kada ta zauna cikin rana. Sai ya tuna da makullin. In ta tafi, motar ba za ta tashi ba.

Hajiya Hansai ta kwance haɓar zaninta. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Ta kama hannunsa ta ɗora makullin a ciki, ta naɗe yatsunsa a kai.

"In an gama ka same ni can. Kada ka yi gudu, tuwon ba zai gudu ba."

"Hajiya, shi ke nan?"

"Shi ke nan, Auta. Allah Ya tsare gabanka da bayanka."

Ta gyara mayafinta ta shiga a-daidaita-sahu. Sai da suka ɗan yi nisa ta lura da cewa baƙin tef ɗin nan yana nan maƙale a bakin mayafin tun ranar da ta cire shi. Ta ɓamɓare shi, ta murza shi tsakanin yatsu, ta ci gaba da jan carbinta.