Daɓen Gwadabe

Shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, Gwadabe mai kifi ya gina ɗaki biyu a bakin fadamar Haɗejiya, gidan hayarsa na farko. Gini ya tashi, saura ƙasan ɗaki. Siminti kam ko a mafarki, don Gwadabe ko ƙayar kifi ba ya yarwa sai ya tsotse.

Yayarsa Barira, mai jan matan daɓe a unguwar, ta ce, "Kawo makuba da fura, mu daɓe maka ran Laraba."

To, nan ake yin ta. Matan daɓe ba sa ɗaga madaɓi sai da waƙa, waƙar kuma a kan mai ɗaki take sauka. Da suka daɓe ɗakin aurensa, rerawa suka yi wai a kununsa ana hango gindin ƙwarya. Shekara ashirin ke nan yana roƙon Allah a manta, kasuwa ta ƙi. Ya fi tsoron bakin matan nan a kan ambaliya.

"Yaya, ai zamani ya wuce daɓe," in ji shi.

Ya kwaso ƙasa kyauta daga masussukar maƙwabcinsa, ya baje, ya tattake, ya rufe da leda mai furanni da ya samo da araha.

Malam Shu'aibu, malamin gona daga Jahun, shi ya tare, farkon damina. Kwana goma danshin kogi ya taso ta ƙasa, leda ta yi tozo. Malam ya aika a kira mai gida, ya ɗage masa gefenta. Tsiro ne fari, cunkus, daga bango zuwa bango.

"Baba, shinkafa ce, iri mai kyau kuwa," ya ce. "Sai dai ni ɗaki na kama, ba gona ba. A daɓe kafin Juma'a, ko na tashi."

Gwadabe ya kai wa Barira fura mai kauri ƙwarya uku, ko za ta toshe baki. Ran Laraba ya gudu bakin kogi, amma ruwa ya kawo masa muryar yayarsa tar, mata goma na amsawa:

"Kowa na noma a fadama, ƙanena a ɗaka!"

Daɓe ya yi sumul, malam ya zauna. Waƙar kunu kuwa, Allah ya amsa, ba wanda ya sake tuna ta.