Tankin Ƙashin Burahima

Burahima mahauci ne a kasuwar Gure, kuma duk unguwarsu an san shi da jajayen haƙora, ko da yake bai taɓa cin goro ba. Ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya girma yana shan ruwan famfon unguwar haka bakinsa yake, in ya manyanta kuma gwiwoyi su fara ciwo.

'Yarsa Huda ce ta gano dalili. Tana karatu a jami'a, a sashen da ake koyar da haɗa sinadarai da kula da muhalli. Da ta zo hutu ta ɗebi ruwan a kwalba ta tafi da shi. Bayan wata biyu ta dawo tare da malaminta, Dakta Mansur, wani dogo mai fara'a da ya tuɓe takalmi kafin ya zauna a tabarma.

"Baba, akwai wani sinadari da ya yi yawa a ruwanku," in ji Dakta. "Shi ke cin haƙora da ƙashi. Amma maganinsa na hannunku. In aka ƙona ƙashin dabba ya zama gawayi, aka tace ruwa da shi, yana tsotse abin."

Suka kafa babban tanki a ƙofar gidan Burahima, suka bar masa wata 'yar na'ura da ke nuna lokacin da gawayin ya gaji. Aikin ƙashi ya faɗo kan Burahima. Kullum in ya tashi daga kasuwa sai ya bi rumfunan mahauta da buhu yana tsintar ƙasusuwa, ya kankare, ya shanya, ya ƙona a cikin tano, wato gangar ƙarfe, har hayaƙi ya sa shi tari. Abokan sana'a suka laƙaba masa Kura. Maƙwabta suka kai ƙararsa wajen mai unguwa saboda wari. Wasu suka ce ruwan ƙashi ba ya halatta, sai da liman ya sha a gaban jama'a sannan mata suka fara kawo jarkokinsu.

Shekara biyu ana haka. Burahima bai taɓa neman ko dala ba. In ya ga jikokin unguwa da sababbin haƙora farare, sai ya ji ya isa.

Ran wata Talata, da hantsi, kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya tsaya a ƙofar gidan. Dakta Mansur ya sauko da ma'aikata huɗu.

"Baba, albishirinku. An ɗaukaka sashenmu, an gina mana sabon ɗakin bincike. Manyan baƙi za su zo buɗewa, kuma suna son ganin tankin da idonsu. Sati biyu kawai."

"To mu sha me, Dakta?"

"Sati biyu ba ya kashe kowa, Baba."

Burahima da kansa ya taya su kwance bututun. Suka ɗauki tankin da na'urar awon, har da sauran gawayin da ya ƙona buhu uku.

Sati biyu ya zama wata biyar. Ya buga wa Huda waya.

"Baba, sun girke shi a tsakar ginin, sun shafa masa fenti. Baƙi na ɗaukar hoto a jikinsa. Ko ruwa babu a ciki."

"Kin yi wa Dakta magana?"

"Ya zama shugaban sashe. Ya ce an gama wannan binciken, yanzu sun koma kan dattin leda. Ya ce in yi haƙuri in ina son ya sa hannu a takardata ta ƙarshe."

Burahima ya gyara riƙon wayar. Sannan ya ce, "Ki yi haƙurin. Ki karɓo takardarki."

Ya gwada yin nasa da tsohuwar randa. Ruwan ya fito garau, amma Huda ta gargaɗe shi: ba na'urar awo, ba wanda zai san ranar da gawayin ya daina aiki, ido ba ya ganin abin. Ya zubar, don ba zai ba mutane abin da bai tabbatar ba.

Rannan Yabawa, maƙwabciyarsa da ta fi kowa zuwa ɗiban ruwa, ta tare shi a bakin rumfa da jikanta a goye.

"Malam Burahima, nawa suka ba ka?"

"Su wa?"

"Masu tankin. Duk gari an ce sayarwa ka yi."

Ya buɗe baki zai rantse, sai ya ga mahautan da ke kusa sun tsaida wuƙaƙensu suna jiran amsa, babu ko ɗaya da ya kare shi. Ya sunkuya ya ci gaba da yankan naman. Yabawa ta tsallake rumfarsa ta saya a ta gaba.