Muryar Nafisa a Zauren Makaranta

Malama Hafsat Jumare ta ajiye aikin koyarwa a harabar jami'a ta Kongo a Zazzau ne don ta buɗe wa 'ya'yan talakawa mata makaranta a cikin birni. Wata ƙungiyar matan Zazzau mazauna Abuja da Legas ce ta ɗauki nauyin komai, har abincin rana. Aka samu wani tsohon gida a unguwar Kusfa, magina suka shiga gyara.

Tun ranar da aka sauke yashi wata yarinya mai tallan awara ta fara zuwa. Sunanta Nafisa, ba ta fi shekara goma sha biyu ba. Iyayenta daga ƙauye suka taso, uban yana dako a kasuwa. Sai ta ajiye bokitinta a zaure ta leƙo.

"Malama, yaushe za a fara?"

"Bayan damina, in sha Allahu."

"Kai, ya yi nisa."

Ita ta riƙa jawo 'yan uwanta masu talla ana rubuta sunayensu. In wani uba ya ƙi, sai ta je ta durƙusa a ƙofar gidansa ta yi ta magana har ya gaji ya amince. Hafsat ta taɓa ce wa mataimakiyarta, Malama Priskila ta Wusasa, "Wannan kam an haife ta da shugabancinta."

A watan Agusta aka yi ruwa kwana da kwanaki. Lambatun unguwar su Nafisa ya toshe, ruwa ya ci gindin katanga, ɗaki ya rufta mata da hantsi. Kafin Hafsat ta isa gidan har maza sun dawo daga maƙabarta.

An buɗe makaranta bayan damina. A makon farko Hafsat na wucewa ta zaure da rana tsaka, sai ta ji an ce, "Malama." Ta waiwaya. Babu kowa, sai takalman yara jere a bakin ƙofa. Ta yi ta'awwuzi ta wuce. Washegari ta sake ji, daga nan ta koma shiga ta ƙofar baya.

Yaran ma sun bar gurbin mutum ɗaya a bencin gaba, ba mai zama. Da aka ce su zaɓi shugaba a cikinsu, sai suka ƙi. Wata mai suna Kulu ta ce a hankali, "Malama, ai muna da ita."

Priskila ta lura Hafsat na ramewa, ta matsa mata har ta faɗa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ki je ki ga mahaifiyar Nafisa."

Hafsat ta samu Larai, uwar Nafisa, a ɗakin da maƙwabta suka ara musu, tana tsince waken suya. Ta daɗe tana kame-kame kafin ta gaya mata. Larai ta ajiye faifai.

"Ke kina jin ta?"

"Wataƙila zuciyata ce kawai, Maman Nafisa."

"Ni ko a mafarki ba ta zo mini ba," in ji Larai. Sannan ta ce, "Malama, za ki bar ni in riƙa zama a zauren nan? Ba zan dami kowa ba."

Tun daga ranar Larai ke zuwa da kaskonta tana soya awara a bakin zaure. Lokaci-lokaci takan tsayar da hannu ta karkata kunne, sannan ta ci gaba da juyawa.

Sai a zango na biyu yaran suka zaɓi Kulu. Abin da ta fara yi shi ne ta kwashi 'yan aji suka je gaban mai unguwa kan maganar lambatun da ya toshe. Ta faɗi abin da ya kawo su, kuma kafin wata damina samarin unguwa suka yashe shi.

Hafsat ta koma shiga ta zaure, don ba ta iya wuce Larai ba gaisuwa. Wata safiya Larai ta ɗago kai ta tambaye ta, "Yau fa?"

Hafsat ta ce, "Yau ma na ji ta."

Larai ta gyaɗa kai, ta ƙara itace a murhu.