Ƙarar Tsohuwar Ƙafata

Tun da Auta ta shiga karatun digiri na biyu, ba mai wucewa ta gabanta bai sha kallo ba. Ba ruwanta da fuska, ƙugu da diddige take bi da ido. Aikinta ƙera ƙafar roba a wani ɗaki da ke bayan asibiti, makarantar kuwa tana can wata ƙasa, ta kwamfuta take iske ta bayan an tashi aiki. Ni ne ubanta, tsohon direban babbar mota, na baro ƙafata ta hagu a kan hanya tun tana rarrafe. Don haka da aka ce kowane ɗalibi ya samo mutum ɗaya ya yi nazari a kansa, ba ta wahalar da kanta ba.

"Baba, kai ne jarrabawata," in ji ta.

"To Allah ya ba ki sa'a. Ni ko firamare ban gama ba."

Haka na riƙa zuwa ɗakin nan da la'asar. Ina son wurin. Farin garin da suke kwaɓawa su ɗauki siffar dungun ƙafa yana yawo a hasken taga, ƙafafu na rataye a bango kowace na jiran mai ita, har da 'yar ƙarama mai jan takalmi. Malamarsu, wata mai furfura, tana magana daga kwamfuta, tagar da ke bayanta kullum ruwa ake yi. Ba na jin yarenta, amma muryarta na sa barci. Sai in ga ƙafafun sun sauko daga bango ɗaya bayan ɗaya sun bi titi, ga tawa ta asali a cikinsu, da takalmin da na sa ranar, tana neman kulocin motar da za ta taka. In farka in tarar da Auta tana goge roba, gira duk fari.

Tsohuwar ƙafata ta roba nauyi gare ta kamar tayar gaban mota. Da ɗamara nake ɗaure ta a ƙugu, akwai kuma wani zoben ƙarfe da ke bugun gefen gwiwa duk taku: ƙyal, ƙyal. Auta ta ɗauke ni bidiyo ta aika. Malama ta ce ina wurga ƙugu, shi ya sa bayana ke ciwo, ƙarar nan kuma dole ta tafi. Ita da ke wata duniya ta gano ciwon da na ɓoye wa 'yata, abin ya ba ni haushi.

Sabuwar da Auta ta ƙera ba ɗamara, ba nauyi, ba ƙara. Ranar da na taka ta tsakanin sandunan ƙarfe biyu na ɗakin, ji na yi kamar a mafarkin nan nake tafiya. Malama ta tafa. Auta ta juya baya tana share ido, wai gari ne ya shiga. Na yi murna ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Saura bidiyo na ƙarshe, in na saba da ita, a ba yarinya makinta.

Na koma gida wajen uwarta. Tsohuwa nake ce mata tun muna da sauran ƙuruciya, ita kuma ta ce min Direba. Ganinta ya tafi a hankali, shekarun baya, har ya ƙare. Wuninta a kujerar baranda take yi, kuma kafin in taɓa ƙofa ta fara faɗa: "Direba, ka manto sabulun ko?" Ban taɓa tambayar kaina yadda take sani ba.

Ran nan na shigo ba ta ce komai ba. Tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, fuskarta na kallon ƙofar da na riga na wuce. Na dafa kafaɗarta. Ta zabura har kujera ta yi baya.

"Wane ne?"

Tun da na auro ta ba ta taɓa yi min wannan tambayar ba. Na ce ni ne, muka yi dariya, amma raina ya ɓaci.

Na gwada dabaru. In yi sallama tun daga waje, in yi tari, in kaɗa makullai. Ta ce tari kowa na yi. Ta daina waƙar. Ina zaune kusa da ita ma, kunnenta na can bakin titi.

"Tun daga kwanar titi nake jin ka," ta ce wata rana. "In ka gaji na sani, in wani ya ɓata maka na sani, in shirya bakina. Yanzu sai dai muryarka ta faɗo min daga sama kamar ta wanda ya mutu. Kada ka gaya wa yarinyar nan, ta sha wahala a kan abin."

Ban gaya mata ba. Wata yamma dai Auta ta rako ni gida, muka shigo shiru, ita da takalmin aikinta na roba, ni da sabuwar ƙafata. Tsohuwa na kujerarta tana gyangyaɗi. Yadda ta lalubo tsohuwar ƙafar daga kan kabad ban sani ba, ga ta dai a cinyarta, ɗamara na jan ƙasa, yatsanta na taɓa zoben a hankali. Ƙyal. Ta jira. Ƙyal.

Auta ta dubi yatsan nan da zoben. Sannan ta ja ni muka koma waje.

Washegari ta cire zoben, ta ɗinke shi a 'yar fata, ta ɗaure a gefen sabuwar gwiwa inda ba zai hana ta aiki ba. Ta sa na taka, ta matsar da shi, na sake takawa, ta sake matsarwa, har sautin ya zauna daidai.

"Malamarki za ta ji shi a bidiyon," na ce.

"Ta ji. In ta tambaya zan gaya mata na wane ne."

"In ta rage miki maki fa?"

"Baba, tashi ka tafi gida, kana cika ni da surutu."

Na sauka daga mota nesa da gida da gangan. Rana ta yi sanyi, titin ba kowa sai wani mai gyaran keke. Na sha kwana, ƙyal, ƙyal, kamar saurayi zai je zance. Ban kai ga ƙofa ba muryarta ta tsallako katanga.

"Direba! Ina ka shiga ne duk kwanakin nan?"