Alamar Gidan Threlfall

Mu 'yan gidan Threlfall dillancin hannun jari muka gada tun daga kakanmu. A kasuwar Melbourne, inda ihu ba ya barin ka ji na kusa da kai, muna da alamarmu: in Baba ya gyara tabarau mu saya, in ya shafa haɓa mu sayar. Daga shi sai ni sai Yaya Hamish muka san wannan.

Sai ga shi mako uku a jere abokan hamayyarmu, 'yan gidan Ockenden, suna riga mu. Kafin in ɗaga hannu sun wawushe.

Ni aka sa wa ido, don kowa ya san Rupert Ockenden yana kai ni cin kifi ranar Juma'a. Yaya Hamish, wanda ko shayi bai iya haɗawa ba, ya koma min ɗan sanda. Da na ɗauki waya sai ya tsaya ɗaure takalmi a bakin ƙofata.

"Fenella, hirar me kuke yi da wannan mai dogon wuyan?" in ji Baba.

"Hirar kifi, Baba."

"Kifi! To ki ji da kyau, aka sake riga mu, ki kwashe kayanki daga ofis ɗin nan."

Maganar ta yi min ciwo ƙwarai. Ni kaina na fara zargin Rupert, har jakata na daina ajiyewa kusa da shi.

Ranar Litinin na ce ba ni da lafiya, na lallaɓa na hau benen 'yan kallo na kasuwar. Rupert na je sa wa ido, sai na ga bakin Baba yake kallo, shi da rabin kasuwa. Ashe tsufa ya sa Baba yana nanata wa kansa abin da zai yi don kada ya manta. Tun hannu bai kai ga tabarau ba na karanta "saya" a leɓensa, daga can sama.

Shekara arba'in Baba yana filin kasuwar nan. Ranar da Hamish ya ji, ranar zai zaunar da shi a gida.

Da yamma Baba ya kira ni, ya rufe ƙofa.

"Yau ma sun riga mu. Faɗa min gaskiya, ke kika ba su alamar?"

"Ba wanda ya ba su, Baba. Bakinka ne yake motsi."

Ya ɗora hannu a baki, ya zauna a hankali, ya daɗe bai dube ni ba.

"Kai, 'yar nan," ya ce. "Da ma a ce ke ɗin ce."